Rabo da Birin da Aka Sa a Gidan Sauro

Yayana Rabo ya haura shekara sittin a duniya, kuma ban san ranar da ya taɓa jin maganata ba. Ni ce ƙanwarsa Mas'uda, uwa ɗaya uba ɗaya. Ni kaɗai na rage masa, shi kaɗai ya rage mini, amma da za a ce ya zaɓa tsakanina da birinsa, na san ba ni zai ɗauka ba. Ba zargi nake yi ba, da idona na gani.

A Kurfi aka haife mu. Mahaifinmu manomi ne, gero da dawa da ɗan wake, mutum mai kunya wanda ko dariya ba ya yi da ƙarfi. Inda Yaya ya samo son taro da hayaniya, Allah kaɗai ya sani. Yana saurayi wani mai wasa da biri ya ratso garinmu ranar kasuwa, Yaya ya jefar da fartanya ya bi shi. Sai bayan damina biyu muka sake ganinsa, ya rame, ya yi baƙi, ƙaramar ganga a hammata, biri a kafaɗa. Baba ya dube shi ya shige ɗaki. Inna ta yi kuka har ta gaji ta zuba masa tuwo. Daga ranar ya zama Rabo mai biri, kuma da sunan ya tsufa.

Ya yi aure, ya auri Adama, mace mai haƙurin da ni ban da shi. Sun haihu, amma Allah bai bar musu ko ɗaya ba, duk tun suna goye suka koma. Daga baya ita ma Adama ta bi su. Ni kuwa aure ya kawo ni Dutsin-Ma, na haihu, na aurar, maigidana ya rasu ya bar ni da gida da sana'ar ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Da na ga Yaya na zaune shi kaɗai a kangon gidanmu na Kurfi, yana cin garin kwaki da ruwa, sai na ce ya dawo wurina, ga ɗakin zaure babu kowa. Mutum ɗaya na gayyata. Su biyu suka sauko daga mota.

Birai da yawa sun ratsa hannun Yaya, amma wannan na ƙarshe daban ne. Jan biri ne, dogo, mai fararen gashin baki kamar dattijo. A gonakin rani na bakin dam ɗin Zobe ya same shi. Birai sun addabi masu masara, aka yi musu kwanto aka kashe uwar, aka bar ɗan yana maƙale a cikinta. Yaya ya cire shi ya sa a aljihun riga, ya raine shi da kunu a cokali, ya sa masa suna Ɗanzobe. In ka ji Yaya yana magana a ɗaki da murya mai taushi, to ba da mutum yake ba. Ni dai tunda nake bai taɓa tambayata ko na ci abinci ba, amma kullum sai ya tambaye ni ko na ga Ɗanzobe ya ci.

Gaskiya ɗaya zan faɗa, sun iya wasa. Yaya zai buga ganga mutane su kewaye su, sai ya ce, "Ɗanzobe, ya ɗan siyasa ke gaisuwa kahin zaɓe?" Biri ya zube ƙasa yana sunkuyar da kai. "To bayan zaɓe hwa?" Sai ya juya wa jama'a baya ya ɗaga wutsiya. Kasuwa ta ɗauki ihu. Haka suke zagaya Kurfi da Kuki da nan Dutsin-Ma, da sauran kasuwannin da hanyarsu ba ta lalace da 'yan bindiga ba. Da wannan yake ci, da shi yake sutura, kuma ko sau ɗaya bai miƙa wa kowa hannu ba. Ni da na ɗinka wa 'ya'yana kayan suna, sai ga ni da tsufana ina ɗinka wa biri wando mai ƙofar wutsiya.

Unguwarmu kuwa, kowa ya san halinta da damina. A bayanmu akwai wani kududdufi da aka haƙa tun da can ana ɗibar ƙasar gini, rabin gidajen unguwar daga cikinsa suka fito. Ruwan farko in ya sauka, ya cika, ba zai ƙafe ba sai kaka ta yi nisa. Ga kwata da ba ta tafiya ko'ina, ga tsofaffin tayoyin mai faci jibge a bakin hanya, kowace da ruwanta. Sauronmu ba ya ma jiran magariba. Zazzaɓi kuma duk shekara yana zuwa, ya shiga gida-gida, a sha magani, wani ya tashi, wani a kai shi makwanci. Haka muka taso muka gani, tun ba a haifi kakar Ɗanzobe ba.

Katangarmu ɗaya da Alhaji Mutawakkil, mai sayar da hatsi. Autarsa Yasmin, 'yar ƙarama da ba ta daɗe da shiga makaranta ba, ita ce babbar ƙawar birin. Kullum da la'asar sai ta zo da gyaɗa a hannu, ya karɓa ɗaya-ɗaya yana ɓarewa. A daminar da nake ba da labari zazzaɓi ya kama yarinyar nan, kamu ba na wasa ba. Ta shiɗe, aka kwashe ta sai asibiti, har jini aka ƙara mata. Allah ya tashi kafaɗunta. Ban ga laifin Alhaji da ya firgita ba, duk wanda ya ga ɗansa a wannan hali dole ya nemi abin da zai kama. Abin da ya kama ɗin ne ya hana ni barci har yau.

Yana zaman jinya ya ji wani shiri a rediyo. An ce a wasu ƙasashen Asiya akwai zazzaɓin da ke jikin biran daji, sauro ya ciji biri, ya zo ya ciji mutum, ya zuba masa. Alhaji ya ji wannan, ya tuna gyaɗar la'asar, shi ke nan lissafinsa ya cika. Kafin a sallamo Yasmin duk unguwa ta san wanda ya sa mata ciwo. Matan da ke aiko yara sayen ƙuli suka daina. Wata har ta toshe hanci da mayafi da za ta wuce ƙofarmu, sai ka ce ta hanci sauro ke cizo.

Mai unguwa Sa'idu ya tara mutane a ƙofar gidana bayan la'asar. Ni ba a kira ni ba, amma gidana ne, kuma na wuce shekarun da za a ce in koma ciki, don haka na ja kujera na zauna a bakin zaure. Mai unguwa mutum ne mai son a rabu lafiya, irin wanda in mutum biyu suka kawo masa ƙara kowa zai tafi yana ganin shi ya yi nasara. Ya sa aka kira Malama Surayya, ma'aikaciyar ƙaramin asibitin unguwa, don ta yi bayani.

Ta yi bayanin kuwa, tiryan-tiryan. Ta ce abin da Alhaji ya ji gaskiya ne, amma wasu irin birai ne a dazuzzukan can, da irin sauronsu, da irin ƙwayar cutarsu. Ta ce namu na nan daga mutum yake zuwa ga mutum: sauro ya ciji mai zazzaɓi, ya kwana biyu, ya ciji mai lafiya. Ta nuna bayan gidaje da hannu ta ce, "In kuna neman inda ciwon Yasmin ya hito, ga shi can kwance, kududduhin nan da tayoyin nan. Ku cike su, ku kwana cikin gidan sauro, wanda ya ji zahin jiki ya zo a gwada shi da wuri."

Babu wanda ya waiga ya dubi kududdufin. Cike kududdufi aiki ne, korar biri kuwa magana ce.

Alhaji ya ce, "Malama, ni tambaya guda gare ni. Kina iya dahwa Alƙur'ani ki ce sauro bai iya ɗaukar komi ga jikin wanga biri ya kai ma ɗiyata?"

Yarinyar nan mai gaskiya ce, kuma gaskiyar ce ta kashe mu. Ta ce, "Alhaji, ban taɓa jin inda aka samu haka ga irin wanga biri ba, kuma ban zaton shi ne. Amma rantsuwa bisa abin da ban gwada ba, ban yi."

"Kun ji ko!" in ji Alhaji. Duk bayanin da ta yi ya bi iska, wannan kaɗai aka riƙe.

Yaya na tsugune gefe, birin na zaune a gwiwarsa yana cire masa wani abu a gemu. Sai da wani ya ce a kai birin cikin daji a sake shi, sannan ya ɗago. Ya ce, "Ranka shi daɗe, wanga bai san daji ba. A aljihuna ya girma. In kun kai shi, karnuka za su cinye shi kahin gari ya waye. Ni kuma mi zan ci? Mi zan yi da sauran kwanana?" Muryarsa ta karye a ƙarshe, abin da ban taɓa ji ba ko ranar da aka binne Adama.

Mai unguwa ya shafa gemu, sannan ya fito da hukuncin da har gobe in na tuna sai in ji kamar in fasa tukunya. Ya ce tunda sauro ne ɗan aiken, sai a raba shi da birin. Kullum kafin magariba a sa biri a cikin gidan sauro, kada a fito da shi sai rana ta fito. In sauro bai ciji biri ba, ba shi da abin da zai kai wa kowa. Jama'a suka ce wallahi an yi hikima. Sannan ya ƙara da cewa, don hankalin Alhaji ya kwanta, in aka sake samun mai zazzaɓi a gidan da birin yake, to magana ta tabbata, biri zai bar unguwa.

Na miƙe na ce, "Mai unguwa, da damina? A Dutsin-Ma? Wane gida ne ba a zazzaɓi?" Yaya ya daka mini tsawa ya ce in shiga ciki. Ya amince da hukuncin, har da godiya.

Gidan sauro biyu muke da su, na rabon da aka yi, ɗaya nawa ɗaya nasa. A ranar ya kwance nasa ya ɗaura wa Ɗanzobe a tsakar gida. To biri dai biri ne. Kafin sati ya zagayo ya mayar da shi kamar rariya. Yaya ya zauna da allura da zare, mutumin da bai taɓa ɗinke maɓallin rigarsa ba, yana bin huji ɗaya-ɗaya. Da abin ya fi ƙarfin allura, sai ya kafa itatuwa huɗu nesa da juna, ya ɗaure birin a tsakiya da gajeriyar igiya yadda hannunsa ba zai kai ba. Na ga yana kwana a fili sauro na shagali a kansa, na cire nawa na ba shi, na ce ni zan kunna maganin hayaƙi. Washegari na fito na tarar da gidan saurona a kan biri, an rufa shi bisa tsohon. Wai ko da wani huji ya ɓace masa.

Na ce, "Yaya, kai hwa?"

Ya ce, "Ni sauro ya san ni, na san shi. Hwatata ta yi mashi tauri. Ki sa mani ɗoɗɗoya a wuta."

Na sayo wani a kasuwa na ɗaura masa da hannuna. Ya ce zafi yake sa shi, numfashinsa ba ya fita. Ya ninke shi ya ajiye a ƙarƙashin tabarma, wai na ko-ta-kwana ne, saboda ranar da na birin zai yage.

Abin bai tsaya nan ba. Birin bai saba da kwana shi kaɗai ba, da an rufe shi sai ya kama kuka yana fizgar igiya. Sai Yaya ya ɗauko buzu ya zauna a gefen ragar gidan sauron daga waje, ya zura hannu ta ƙarƙashinta yadda birin zai riƙe yatsansa. Daga magariba har bayan isha'i yana nan zaune, ƙafafu a waje, wuya a waje, daidai lokacin da sauron kududdufi ke fitowa kiwo. Birin na ciki yana gyangyaɗi kamar ango, yayana na waje ana shan jininsa. Wani lokacin Alhaji kan leƙo ta kan katanga ya duba ko an bi doka, ya gyaɗa kai ya koma. Shi kuwa nasa gidan sauron, da idona na gan shi a kan buhunan gero a shago, an rufe saboda tsuntsaye. Na mai faci yana kewaye da 'yan shukokin tumatir. Duk unguwar nan babu wanda ke kwana cikin kariya kamar Ɗanzobe.

Wajen tsakiyar damina na fara lura da kwanon tuwon Yaya. Yana dawowa a share, amma sharar ba ta mutum ba ce, har gefen kwanon an lashe. Sannan ya fito da wata tsohuwar kwat ya sa a kan riga, ana wannan zafi mai ɗanko, wai sabon salon wasa ne. Da hantsi sai in gan shi a rana ya dunƙule. Wata safiya na shiga ɗakinsa ba sallama na same shi yana karkarwa, haƙora na haɗuwa, ga ƙoƙon jiƙon ganyen bedi, wato darbejiya, a gefe. Na taɓa goshinsa na janye hannu.

Na ce, "Tashi mu tahi wurin Surayya."

Ya riƙe mini zane. Ya ce, "Rufa mani asiri, Mas'uda. Matan Alhaji kullum suna bisa bencin asibitin nan. Ina shiga, kahin in hito an kwance Ɗanzobe."

"To sai ka mutu saboda biri?"

"Wa ya ce maki mutuwa zan yi? Yau na hwara zazzaɓi? Kwana biyu ne ya wuce."

Na yi faɗa, na yi lallashi, na yi kuka, na kira sunan Inna da Baba. Na ce zan kira Surayya gida da sunan ni ce ba lafiya. Ya ce ai dokar ba ta ce Rabo ba, cewa ta yi duk wanda ke gidan. Na ce zan je kemis in karɓo maganin zazzaɓi. Ya ce mai kemis ƙanin matar mai faci ne. Duk ƙofar da na buɗe sai ya rufe ta, kuma abin haushin, duk abin da ya faɗa haka yake, unguwarmu ba a tari a ɓoye. Ƙarshe na samo masa magani ta hannun wata mai kawo mini gyaɗa daga ƙauye. Ya sha na farko ya amayar, ya sha na biyu ya amayar. Duk da haka da yamma sai ya wanke fuska, ya fito ƙofar gida ya zauna yana amsa gaisuwa da ƙarfi don a gan shi. Da magariba kuma ya ja jiki zuwa gefen ragar ya miƙa wa biri yatsa.

Da na ga idonsa ya yi ɗorawa, fitsarinsa ya koma kamar baƙin shayi, na ce wallahi yau ko ya tashi ko in fita in tara masa unguwa da kaina. Sai ya sauko. Ya ce gobe kasuwar Kurfi, zai tafi kamar yadda ya saba, babu wanda zai yi zargi, in ya isa sai ya wuce asibitin can inda ba idon 'yan unguwa. Na ce zan bi shi. Ya ce tun yaushe nake bin shi kasuwa, so nake a gane? Na ce to ya bar birin a gida. Ya kalle ni kamar na ce ya bar ƙafarsa. Na raka shi har bakin titi, na ga ya shiga mota da ƙyar, ganga a hammata, biri a cinya.

Abin da ya faru a Kurfi daga bakin mutane na ji. Ya je asibitin, wannan kam ya cika alkawari. Mai gadi ya ce ba a shiga da dabba, sai dai ya ɗaure shi a waje. Yaya ya dubi yaran da suka fara taruwa da tsakuwa a hannu, ya dubi ƙofar, ya juya. Wai sai ya fara zuwa kasuwa ya nemi wani tsohon abokinsa mai sayar da igiya ya bar masa amanar birin. Bai same shi ba. Mutane kuwa da suka ga Rabo mai biri suka kewaye shi suna kiran a yi wasa, shi kuma bai iya cewa a'a ga taro ba, tun yana saurayi. Ya buga ganga. Ana cikin wasan ya sulale ya faɗi. Birin ya hau ƙirjinsa yana jan kwat ɗin yana ƙara, jama'a na tafi suna dariya, sun ɗauka sabon salo ne. Sai da wata mai fura ta matsa ta duba ta kwarma ihu.

Wani direba da ya san mu ya kira ni. Na isa asibitin Kurfi na same shi ana masa ƙarin ruwa, an ce zazzaɓin sauro ne ya ci jikinsa, jini ya yi ƙasa, ƙoda ta taɓu. Likitan ya tambaye ni tun yaushe, na faɗa masa. Ya cire tabarau ya dube ni ya ce, "Hajiya, mi kuke jira?" Ta ina zan fara? In ce masa muna gadin biri?

Sun yi iya ƙoƙarinsu, ba zan ci haƙƙinsu ba. Washegari da hantsi Yaya ya farfaɗo, ya gane ni. Na matsa kusa, ina zaton zai yi mini wasiyya irin ta mutane, ko ya ce in yafe masa wahalar da ya ba ni.

Ya ce, "Ina Ɗanzobe?"

Na ce yana wurin mai fura, an ba shi abinci.

Ya lumshe ido, ya sake buɗewa. Ya ce, "In sun tambaya, ki ce masu hawan jini ne."

Na gyara masa mayafi kawai, don in na buɗe baki zagi ne zai fito, kuma ba a zagin mai jinya. Kafin la'asar ya cika. A Kurfi muka binne shi, kusa da su Baba. Na dawo Dutsin-Ma da ganga da kwat da biri, direban ya sa mu a kujerar baya mu biyu.

Aka yi zaman makoki a gidana. Unguwa ta cika ƙofa, har da masu toshe hanci. Malama Surayya ta zo ta zauna kusa da ni, ta riƙe hannuna, ta ce, "Inna, da kin aiko mani ko da a ɓoye ne." Na ce na sani. Ran addu'ar uku Mai unguwa da Alhaji Mutawakkil suka yi sallama suka shigo tsakar gida yi mini gaisuwa. Birin na ɗaure a gindin bishiya, tun da muka dawo bai ci abin kirki ba. Bayan an shafa fatiha Alhaji ya ce, "Ashe Malam Rabo bai da lahiya ba mu sani ba. Mi ya same shi haka farat ɗaya?"

Na tuna abin da Yaya ya roƙe ni. Amma shi bai taɓa jin maganata ba, ni ma ranar ban ji tasa ba. Na ɗaga murya yadda na zaure za su ji na ce, "Zazzaɓin sauro ne. A gidan nan ya kama shi, ya ɓoye, don kun ce in an samu mai zazzaɓi za ku kore mashi biri. To an samu. Ga birin can, ku kwance shi."

Alhaji ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Mai unguwa ya dubi birin, ya dube ni, fuskarsa cike da mamaki na gaskiya, ba na munafunci ba.

Ya ce, "Haba Hajiya. Wa zai kori birin Malam Rabo? Ai magana ce kawai na yi don a tashi taro lahiya. Ni na ɗauka ya gane."

Alhaji ya ce, "Wallahi ni har na manta da zancen. Yasmin ma kullum sai ta tambaye ni yaushe za a bar ta ta kawo mashi gyaɗa."

Na zauna ina kallonsu. Suka ƙara yi mini addu'a, suka sa takalmansu suka fita. Ina jin su a zaure suna maganar farashin gero.

Birin yana nan a gidana. Babu wanda ya sake cewa komai a kansa, ba ya yi wa kowa wasa, ni kuma ban iya buga ganga ba. Kullum da safe nakan kai masa abinci ina yi masa masifa, shi yana kallon ƙofar ɗakin zaure. Da magariba in ya fara kuka sai in ja kujera in zauna kusa da shi in miƙa masa yatsa, ya riƙe na ɗan lokaci, ya duba, ya saki.